Ƙaramar motar tsere mai rimot: ta batir ko ta mai?

Masu shirin sayen ƙaramar motar tsere mai rimot sun sha tambayata wadda za su ɗauka, ta batir ko mai shan man naitiro, wato man musamman da ƙananan injinan waɗannan motoci ke sha.

Wajen kula, ta batir ba ta da wahala. Kakkaɓe ƙura, duba haƙoran giya, sai caji. Batirin LiPo, wato irin batirin caji da ake sa musu, shi ne kawai abin tsoro, domin idan ya kumbura ko ya huje yana iya kamawa da wuta, shi ya sa ake ajiye shi da cajin bolt 3.8 a kowane ɗaki (sel) na cikin batirin. Ta mai kuwa sai an lallaɓa sabon injin kafin a ba shi wuta, kuma alluran kafireto suna son a sake saita su duk lokacin da yanayi ya canza. Matatar iska ta yi datti, injin ya tafi. Ga kuɗin mai kullum.

A wajen shan kwana ne bambancin ya fi daɗin kallo. Ta batir nauyinta ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma za ka iya matsar da batirin gaba don ta ƙara cin kwana, ko baya don tayoyin baya su kama ƙasa. Ta mai tana raguwa da nauyi yayin da tanki ke ƙarewa, dole hannu ya riƙa bin ta. Amma ana cika mata tanki cikin daƙiƙu, shi ya sa wasan ƙarshe na masu mai a gasar duniya ta IFMAR, hukumar tseren motoci masu rimot ta duniya, kan kai har minti 60.

Sabon shiga da mai maƙwabta kusa, ta batir ta fi dacewa da su. Mai son ƙarar inji da ɓata hannu da baƙin mai, ta naitiro ce tasa.