Caterham Seven 170 da ake kawowa a kwalaye: na haɗa, na hau, ga ra'ayina

Bari in fara da maganar kuɗi tunda ita kowa ke fara jefo min. Duk wanda yace maka zai sayi Caterham, ƙaramar motar wasa ta Ingila mai kujera biyu, a kwalaye ya haɗa da hannunsa don ya samu sauƙin kuɗi, to gaskiya bai zauna yayi lissafi ba. Lokacin da Seven 170 ta fito a 2021 farashinta ya fara ne daga fam 22,990 in kai zaka haɗa abarka, in kuma kana so su haɗa maka a masana'antarsu dake Dartford sai ka ɗora fam dubu biyu da wani abu a kai, kuma tun daga lokacin farashin sama yake ta yi. Wannan 'yar rarar da kake ganin ka samu, kafin ka sayi sifanar auna ƙarfin ɗauri, ka sayi jak da ƙafafun ɗora mota, ka yi hayar ƙugiyar ɗaga inji, ka ɗau hutu a wajen aiki, wallahi ta narke. Saboda haka in araha kake nema ka tsaya anan, sauran bayanin ba naka bane.

Da can kam akwai riba. Colin Chapman ya fito da Lotus Seven a 1957, kuma a Ingila ta wancan lokacin motar da aka sayar a warwatse ba a biya mata harajin saye, shi yasa mutane suka riƙa ɗaukarta a haka. A 1973 aka kawo VAT wannan ƙofar ta rufe, a shekarar kuma Lotus ta sayar wa Graham Nearn na Caterham haƙƙin ci gaba da ƙera motar. Tun daga nan suke yinta, siffar bata wani canza ba, yanzu ma kamfanin yana hannun VT Holdings na Japan tun 2021. Kaga kenan yau wanda ya zaɓi kwalaye ya zaɓa ne don yana son aikin kansa.

Ita 170 ɗin ita ce ƙarama a gidan. Injin Suzuki ne mai silinda uku, 660cc da turbo, ƙarfin doki 84 kacal. Nasan wani zai yi dariya yace ai Corollar matarsa ta fi haka, eh ta fi, amma nauyin wannan wajen kilo 440 ne in an cire mata duk wani tarkace, wato bata kai rabin ƙaramar motar gida ba. Lambar 170 ɗin ma daga nan ta fito, ƙarfin doki ne a kan rabin tan aka ninka, haka suke sa wa sauran suna, 360 da 420 masu injin Ford Duratec 2.0, har zuwa 620 wadda ita ba a ma sayar da ita a kwalaye. An matse faɗinta ne don ta shiga sahun ƙananan motocin Japan da ake kira kei, shi yasa ƙaramin shasi kawai take da shi, babu mai faɗin nan da ake kira SV da ake samu a manyan. In kana da jiki ko doguwar ƙafa, don Allah kaje ka zauna a ciki tukuna kafin ka ba da ko sisi, kuma kaje da takalmin da kake tuƙi da shi, don totur da birki da kulochi a manne suke da juna, takalmi mai faɗi sai ya taka biyu lokaci guda. Iri biyu ce, akwai S mai gilashin gaba da hita da rufin tamfol, akwai R wadda aka yi wa tsirara don filin tsere. Ni S na ɗauka, sanyin ƙasar nan ta Birtaniya ba abin wasa bane.

Toh batun haɗawa. Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne ba daga ƙarfe zalla ake farawa ba. Shasin yana zuwa an riga an lulluɓe shi da bodin alminiyam, an ja wayarin, an sa dashbod da tankin mai da bututan birki. Babu walda, babu fenti, babu yankan ƙarfe. Naka shi ne ƙafafun gaba da shokazoba, sitiyari, aksul ɗin baya, furofela, inji da giyabos, lagireto da hos-hos ɗinsa, salansa, fitilu, madigadi, kujeru da bel, sai tamfol. Ana cewa aikin awa 80 zuwa 100 ne, kuma ina ganin ga wanda ya saba riƙe sifana hakan ne, amma wanda bai saba ba ya sa a ransa zai wuce haka, don rabin lokacin ma a tsaye zaka yi shi kana jujjuya noti a hannu kana duba littafi kana tambayar kanka wannan ne ko wancan. Littafin hotuna ne yawanci, kuma ya yi ƙoƙari, ko wane ɗauri an rubuta ƙarfin da za a ɗaure shi. Shawarata ka sayi alƙalamin fenti, duk notin da ka ɗaure da sifanar awo ka ɗiga masa alama, don bayan sati biyu ba zaka tuna wanne ka gama wanne ka bari a sake ba, kuma wannan ƙafar mota ce ba ƙafar tebur ba.

Abin mamaki, manyan ayyukan da mutum ke tsoro su suka fi daɗi. Sa inji rana ɗaya ce in kuna biyu ko uku, ɗaya na sauke ƙugiya a hankali ɗaya na karkata giyabos, sai dai ka naɗe bututan shasi da kwali ko tsumma kar ka goge musu fenti. Ƙananan ne ke cin rai. Zura wayar fitilar gaba ta cikin ɗan siririn ƙarfen da ke riƙe da ita, wannan sai mai haƙuri. Madigadin gaba da gam ake manna su a kan ƙarafansu, in suka bushe a karkace haka zaka riƙa kallonsu kullum kana tuƙi tunda a gaban idonka suke. Na baya kuma sai ka huda su, kuma huda sabon abu mai sheƙi da ka biya kuɗi mai yawa, hannu sai ya ɗan yi rawa. Ga ɗinke maɓallan tamfol, ka ja nan can ya saki. Gareji mai cin mota ɗaya ya isa amma kwalayen zasu cinye maka falo, gara ka shirya da uwargida tun kafin motar kaya ta tsaya a ƙofa.

Inda nake so mutane su buɗe kunne shi ne gwajin IVA, wato binciken amincewa da ake yi wa mota guda ɗaya, don shi ne ainihin ƙofar. A Birtaniya motar da ka haɗa a gida bata hawa titi sai DVSA, hukumar duba ingancin motoci, ta duba ta, tsarin da ya maye gurbin tsohon gwajin SVA a 2009, kuɗinsa fam 450, in ka faɗi kuma ka sake biyan fam 90 a sake dubawa. Ba irin MOT bane, gwajin lafiyar mota na shekara-shekara na minti arba'in. Zasu auna birki a kan rola, su duba agogon gudu kar ya nuna ƙasa da gudun da kake yi, su auna hayaƙi, su auna ƙarar salansa kar ta wuce desibel 99, su ga ko sitiyari na dawowa tsakiya da kansa, su duba inda aka ɗaure bel. Sannan babban abin, kaifi. Mai duba yana da wani ƙwallo da yake gogawa a jikin motar, duk inda ya taɓa dole bakin wajen ya zama a dunƙule, bai gaza milimita 2.5 ba, shi yasa zaka ga sabuwar Seven duk an bi ta da robobi da hulunan noti, ba ado bane. Anan ne na ga amfanin sayen motar kwalaye ta babban kamfani, robobin nan suna cikin kaya, kuma kamfanin na duba motar bayan ka gama haɗawa kafin ka kai ta gwaji, makanikan da suka ga ɗaruruwanta su bi aikinka ɗauri bayan ɗauri. Wannan dubawar kar ka tsallake ta ko da kana ji da kanka. Bayan ka ci sai takardun DVLA, hukumar rajistar motoci, fam 55 na rajistar farko da harajin hanya, kuma tunda komai sabo ne sabuwar lamba zasu baka, MOT kuma sai ta shekara uku. Jiran lambar nan mota na gareji a shirye rana na fita a waje, shi ya fi komai ciwo. Inshora kuma kar ka ɓata lokaci da manyan kamfanonin da ke talla a talabijin, wani da na kira sai tambayata yake lambar mota ina ce masa bata da lamba tukuna yana sake tambaya, ka nemi waɗanda suka ƙware a motocin haɗi, suna yi da lambar shasi kuma har kayan da ke cikin kwali suna yi musu inshora.

A kan titi fa? Kai, anan na yafe mata komai. Babu ABS mai hana taya kullewa in an taka birki, babu na'urar taimakon sitiyari, babu jakar iska, kana zaune dab da aksul ɗin baya har kana iya taɓa kwalta da hannu. Tayoyin sirara ne, faɗin milimita 155, kuma ni a wajena su ne sirrin motar, don a gudun da doka ta yarda ma kana jin tana motsi a ƙarƙashinka, kana jin duk abin da tayar gaba ke taka wa a tafin hannunka. Tana kai gudun mil 60 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa bakwai, ba wani abin firgita bane a takarda, amma a ƙananan hanyoyin karkara masu lanƙwasa zaka yi ta wasa da giya biyar ɗin nan turbo na huci a gefenka, ka dawo gida baki har kunne kuma baka karya doka ba. Masu 420 zasu wuce ka a miƙaƙƙen waje, ka bar su, su sai sun biya kuɗin filin tsere irin Brands Hatch ko Cadwell Park kafin su taka motarsu yadda take so. Mai ma kaɗan take sha.

Amma babbar hanya azaba ce. Iska na dukan kunne, ƙara ta cika ko'ina, tirela in ta zo gefenka notin tayarta kake kallo kuma direban ba lallai ya san kana nan ba. Aksul ɗin baya guda ne ɗan gargajiya, in ya faɗa rami ƙashin bayanka zai ba da labari. In an ɗaura tamfol shiga ciki kamar shiga akurkin kaji ne, ƙafa ɗaya tukuna, sai kai, sai ka naɗe sauran jiki. But ɗin baya ɗaukar fiye da jaka mai laushi ɗaya ko biyu. Masu cewa in turo musu ita Kano ko Kaduna, ku tuna ta Ingila sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuma tun 1972 ta koma tuƙi a hannun dama, motar sitiyarin dama bata halatta ba, sai dai a yi odar mai sitiyarin hagu, kuma ko an yi hakan ƙasanta ya yi kusa da ƙasa sosai, tudun rage gudu ɗaya mai kyau ya isa ya gaisa da kaskon baƙin mai.

Kula da ita kam sauƙi ne, kuma anan wahalar haɗawa ke biyanka, don babu notin da baka san shi ba. Ka ɓalle maɗauran bonet ka ɗauke shi gaba ɗaya ka ajiye gefe, komai na fili. Baƙin mai da filta duk shekara ko bata yi tafiya ba, ruwan birki duk shekara biyu, ka riƙa bin ƙafafu da sifanar awo lokaci lokaci. Babban maƙiyinta gishirin da ake watsa wa tituna da hunturu, shasin ƙarfe ne bodin alminiyam, in ruwan gishiri ya kwanta tsakaninsu sai tsatsa ta fara daga ciki fentin gefe ya kumbura, musamman can ƙasa wajen ƙafafun direba inda laka ke maƙalewa. Ka fesa maganin tsatsa a lungunan nan tun kana haɗawa, lokacin da hannu ke shiga. Da yawa ma sanyi na shigowa suke yi mata SORN, wato su sanar da hukuma cewa ta bar hawa titi, su daina biyan haraji su rufe ta sai bazara, in zaka yi haka ka jona batir a ƙaramar caja don ƙarami ne baya jure zama.

In kuɗin sun yi maka yawa akwai wasu hanyoyi. GBS Zero da MK Indy da Tiger duk siffa ɗaya ce, wasunsu ana haɗa su da kayan tsohuwar Mazda MX-5 da ka saya ka farke, arha sosai amma aikin ya ninka, wanke tsofaffin kaya da gyara su da neman abin da bai dace ba duk naka ne, lambar da zaka samu kuma ta shekarun tsohuwar motar ce, in takardu basu cika ba su liƙa maka lamba mai farawa da Q, wadda ake ba motar da ba a tabbatar da shekarunta ba. Westfield da aka kafa a 1982 bodinta na faiba ne, ta durƙushe a 2022 kafin wasu su saye ta. Akwai kuma Caterham ta hannu, kuma suna riƙe daraja fiye da sauran, sai dai in mai injin Rover K-series ce ka tambayi tarihin gasket ɗin kan inji. Abin da zan hana ka shi ne sayen aikin da wani ya fara ya watsar rabi, sai in kaje da wanda ya taɓa kai mota IVA ya duba maka rasit ɗin kaya ɗaya bayan ɗaya.

Ni dai 170 na bata huɗu da rabi cikin biyar a matsayin motar wasa ta biyu, rabin da na cire na babbar hanya ne da tamfol. Wanda kuma ita kaɗai zai dogara da ita zuwa aiki da kai yara makaranta, kujera biyu ce kawai, ya nemi wata.