Taya huɗu da safaya: yadda na yi wa tsohuwar MGB takalmi a Ingila

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ga labarin motar nan da na turo maka hotonta, wadda ka ce daga ganinta ka san za ta ci min aljihu. Ta ci kuwa, sai dai ta inda ban sa ido ba. Injin lafiyarsa ƙalau, giya ba ta gardama, tsatsa ma kaɗan ce. Taya ce ta zame min karatu har na kusan wata biyu.

Motar dai MGB GT ce ta 1972, cikin waɗanda aka ƙera a Abingdon kusa da Oxford. Kamfanin MG ne suka fara yin MGB a 1962, suka rufe masana'antar a 1980, bayan sun fitar da sama da rabin miliyan, shi ya sa har yau kayan gyaranta ba sa wuya a nan. Wani dattijo ne ya sayar min, ya ce gwiwarsa ta daina yarda da kuloci. Ranar da na je dubawa na durƙusa na sa yatsa cikin zanen taya, na ji zurfi kamar jiya aka ɗaura su. Dattijon ya ce bai yi mil dubu biyar a kansu ba, kuma na yarda da shi. Na dawo gida ina murna na tsira daga kashe kuɗin taya.

Kwana tara bayan nan aka yi yayyafi, irin wanda ba ya ko jiƙa riga. Na shiga wani shataletale a hankali, gudun da bai kai a kira shi gudu ba, sai kawai na ji bayan motar ya kama gabansa, yana neman ya wuce ni. Allah ya kiyaye babu kowa a gefena. Na tsaya a bakin hanya hannuna na rawa, na zaga na duba, babu faci, iska daidai. Wani maƙwabcina da ya daɗe yana harkar tsoffin motoci shi ya warware min. Ya kawo tocila, ya goge gefen tayar da tsumma, ya nuna min jerin haruffan da suka fara da DOT, a ƙarshensu lamba huɗu: 2306. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Mako na 23 a 2006 aka gasa tayar nan. Ta safaya lamba uku ce kawai, ya ce wannan tun kafin 2000 ke nan, don daga shekarar aka koma lamba huɗu. Ya danna farce a kan robar, ko alama ba ta yi ba, ta bushe kamar ƙaho. A cikin zanen kuma, da aka haska, ga tsaga ƙanana ƙanana kamar faso.

Abin da ya ba ni mamaki, doka ba ta da abin cewa a kan wannan. Abin da ta sani shi ne zurfin zane: kada ya gaza milimita 1.6 a kashi uku cikin huɗu na tsakiyar tayar, zagaye ɗaya. Wanda aka kama da suɗaɗɗiyar taya zai iya biyan tara har fam 2,500 da makin laifi uku a lasinsa, a kan kowace taya ɗaya. Shekarun taya kuwa, dokar da ta fara aiki a Fabrairun 2021 ta hana wadda ta haura shekara goma ne a ƙafafun gaba na manyan motoci da bas-bas, ba ta taɓa ƙananan motoci ba. Ƙari a kan haka, tun Mayun 2018 motar da ta wuce shekara 40 ba dole a kai ta gwajin MOT na shekara-shekara ba, muddin ba a sauya mata manyan sassa ba. Ka ga ke nan mota irin tawa za ta iya shekara ashirin a kan roba ɗaya ba wanda ya leƙa. Kamfanin Michelin dai shawararsa ita ce bayan shekara biyar a riƙa kai wa masani ya duba duk shekara, in ta cika goma a cire ko da zanen bai taɓu ba.

Wuri na farko da na nufa shi ne ɗaya daga cikin manyan shagunan taya masu reshe a kowane gari. Wajen sauri da tsafta ba ni da ta cewa. Kana zaune a ɗaki mai ɗumi, cikin rabin awa an sauya maka taya huɗu, an yi balansin, an ba ka takarda. Motar da nake zuwa aiki da ita can nake kai ta, kuma zan ci gaba. Amma yaron da ke kan kwamfuta da ya buga lambar MGB, ya yi shiru, ya sake bugawa. Girman da aka ƙera ta da shi 165SR14 ne, babu lambar tsakiya mai nuna tsayin gefen taya. Ya ce lallai na manta wata lamba. Na ce haka ake rubutawa a zamanin. Daga ƙarshe ya samo min abu biyu: wata 165R14C, da wata 185/60R14 da ya ce ta fi kyau, ta fi faɗi, za ta fi kama ƙasa.

Ta farkon, harafin C ɗin nan yana nufin ta motar dakon kaya ce, gefenta mai tauri don ɗaukar nauyi. Ka sa wa mota mara nauyi irin wannan, duk tsakuwar da ke kan kwalta sai ka ji ta a ƙashin bayanka. Ta biyun kuma sai da na zauna da biro. Idan ba a rubuta lambar tsakiya ba, tsayin gefen taya kusan kashi 80 cikin ɗari ne na faɗinta. Saboda haka 165 a kan wili mai inci 14 tsayinta gaba ɗaya kusan milimita 620. Ita kuwa 185/60 ba ta wuce 578 ba. Bambancin milimita 42 ke nan, kusan kashi 7 cikin ɗari. Agogon gudu zai riƙa nuna fiye da abin da kake yi, injin zai ƙara ihu a kan babbar hanya, motar kuma ta sauka ƙasa da kusan santimita biyu, alhali salansarta dama can sumbatar kowane tudun rage gudu take yi.

Akwai abin da lissafi bai nuna ba, sai da wani tsohon bakanike ya kwatanta min da hannu. Motocin wancan zamani suna karkata sosai idan za su sha kwana, wilin ma yana kwantawa tare da su. An yi musu taya mai zagayayyar kafaɗa ne, yadda duk karkatar da ta yi akwai roba a ƙasa. Tayar zamani shimfiɗaɗɗiya ce, kafaɗarta a tsaye, an yi ta don motar da ke riƙe wili a miƙe. A tsohuwar mota takan kama ƙasa da ƙarfi, ta kama, ta kama, sannan ta saki gaba ɗaya ba sallama. Siririyar kuwa tana fara zamewa kaɗan kaɗan, kana jin ta a sitiyari, kana da lokacin gyarawa. Ga shi MGB ba ta da na'urar sauƙaƙa sitiyari, da ƙarfin damtse ake juya ta. Ka ƙara mata faɗin taya, shiga wurin ajiye mota ya zama dambe.

Abin da ya kore ni daga shagon ma shi ne tiyub. Wilin motata irin mai wayoyi ne kamar na keke, iska tana bi ta ramukan wayoyin ta fita, dole a sa tiyub a ciki da ɗamarar roba da za ta rufe kawunan wayoyin. Ba su da ko ɗaya, kuma yaron ya ce bai taɓa sa tiyub a tayar mota ba tun da ya fara aiki. Ban ga laifinsa ba, a bayan zamaninta aka haife shi.

Na leƙa intanet. Araha kam akwai, da sunayen kamfanonin da ban taɓa ji ba, a kawo maka har ƙofar gida. Matsalar ita ce girman da ba a cika nema ba yakan daɗe a sito, kuma ba ka ganin lambar shekara sai kaya sun iso. Na rubuta wa masu sayarwa biyu ina tambayar shekarar da aka yi tayar. Ɗaya ya ce ba za su iya dubawa ba, ɗayan ko amsa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, na rufe shafin.

Sai na koma wajen waɗanda tsoffin motoci ne kaɗai sana'arsu. Akwai Longstone Tyres a Bawtry kusa da Doncaster, akwai Vintage Tyres a Beaulieu, inda gidan tarihin motoci na ƙasar yake. A nan ne na ga abin da ya fi burge ni a harkar: manyan kamfanoni har yanzu suna gasa tayoyin da suka yi shekara hamsin, sittin da suka wuce, zane iri ɗaya, siffa iri ɗaya, amma da haɗin robar yau. Pirelli na yin Cinturato CA67, wadda ta fara fitowa a 1952. Michelin, su da suka yi rajistar taya radiyal (irin saƙar tayar zamani) a 1946, suna yin XAS ta 1965, wadda zanen gefenta na ciki ya bambanta da na waje. Vredestein ta Holan na da Sprint Classic, ita sabon ƙira ce da aka yi wa kamannin da, kuma ta fi sauran biyun sauƙin kuɗi. Duk ukun ana samunsu a 165HR14. Harafin H yana nufin ta jure har kilomita 210 a awa, S ɗin asali kuma 180, ita motar ko an matse ta ba ta kai 180 ɗin ba. Wani abin lura, takardar nan mai launi-launi da ake mannawa a sababbin tayoyi, mai nuna kama ƙasa a ruwa da shan mai, ba a tilasta ta a kan tayoyin da aka yi don motocin kafin Oktoban 1990 ba. Babu maki da za ka kwatanta, sai ka tambayi wanda ya tuƙa.

Wanda na yi magana da shi ta waya tambayoyi ya fara jero min kafin ya ambaci kuɗi: wane irin wili, faɗinsa nawa, mil nawa nake yi a shekara, ina fita da ita cikin ruwa. Ya kuma ja kunnena kada in haɗa radiyal da tsohuwar saƙar gicciye, irin 5.60-14 da MGB ta farko ta zo da ita. Haɗa su a ƙafafun gaba biyu ko na baya biyu haramun ne a dokar nan, haka ma radiyal a gaba da mai gicciye a baya. Na zaɓi Pirelli, guda biyar da sababbin tiyub. Kuɗin ya fi ninki biyu na waɗancan marasa suna, na daɗe ina kallon takardar kafin in miƙa kati. Na zaɓe ta ne don zanen nata ya dace da shekarun motar, kuma maƙwabcina ita ce a ƙafar tasa motar, ya bar ni na ɗana.

Wani abokina da ke Jamus da na ba shi labari dariya ya yi, ya ce a can ba za a bar ni in yi ta wannan shawagi ba. Girman tayar da aka yarda wa mota yana cikin takardunta, in kana son wani daban sai an duba an amince. Motar da ta shekara 30 tana iya samun lamba mai harafin H a ƙarshe, amma sai ta kasance kusa da yadda aka ƙera ta, kuma duk shekara biyu sai ta je gwaji kamar kowace mota. Ni dai a wannan ɓangare na fi ganin hikimar Jamusawa, don da a can ne da wani ya daɗe da haska tocila a tayar dattijon nan.

Ranar ɗaurawa na tsaya a kan mai aikin. Ya cire kowane wili da guduma mai kan tagulla, ya ƙwanƙwasa wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana saurare, biyu suka yi ƙara kamar fasasshen kwano ya ɗaure su. Ya ɓare duk wata takarda da ke manne a cikin tayar, ya ce ita ke goge tiyub har ta huda shi, ya barbaɗa hoda, sannan ya yi balansin da wani mazugi na musamman, don na injin zamani ba ya zama daidai a cibiyar irin wannan wili. Awa biyu da rabi ya ɗauka. Da na fito na bi ta shataletalen nan da gangan, kwalta a jiƙe, motar ta bi layinta kamar an ja ta da zare, sitiyarin ma ya yi sauƙi a hannu.

Yanzu sanyi ya shigo, sun fara zuba gishiri a hanya, na shigar da ita gareji sai bazara. Na ƙara wa tayoyin iska kaɗan, kuma duk mako biyu nakan tura ta gaba taku ɗaya don kada su kwanta a wuri guda. Tsohuwar safayar mai lamba uku na rataye ta a bango. Ka gaishe min da Hajiya da yara, in ka samu zuwa a watan Yuni makullin na hannunka, amma ka fara motsa damtse tun yanzu.