Kestrel 3000: tana auna gaskiya idan an iya riƙe ta

Kestrel 3000 ƙaramar na'ura ce ta kamfanin Nielsen-Kellerman na Amurka, mai shiga aljihu. Tana auna zafi, danshin iska da gudun iska, sannan ta lissafo matakin da raɓa za ta fara sauka. Batir ɗaya take ci, CR2032. Ruwa ba ya shigarta, ko ta faɗa kogi sai ta taso sama.

Ƙarfinta yana wajen iska. Farfela ce 'yar ƙarama mai faɗin inci 1 a samanta, kuma idan ta lalace ana cire ta a saka sabuwa ba tare da an kai gyara ba. Sai dai farfelar tana son a fuskantar da ita daidai inda iskar ke fitowa. In aka karkata ta, ko mutum ya tsaya jikin bango ko bishiya, lambar za ta faɗi ƙasa. A miƙa hannu nesa da jiki, a bar ta kamar minti 2, a karanta matsakaicin gudu, domin iska bugawa take tana lafawa. Kuma kada a yi mamaki in abin ya gaza na tashar yanayi: su a tsayin mita 10 suke aunawa, inda iska ta fi gudu.

Wajen zafi ne mutane suka fi cutar kansu. An ciro ta daga aljihu ko daga cikin mota, an karanta nan take, to ɗumin jiki ko na motar aka auna. A tsaya a inuwa, a ɗaga ta kamar mita 1.5 daga ƙasa, a kaɗa ta hagu da dama har lambar ta tsaya. Numfashi da gumin hannu kuwa suna ƙara wa danshi lamba.

Ma'aunin danshin yakan kauce a hankali bayan shekaru. Gwajinsa da sauƙi: a jiƙa gishiri kaɗan a murfin kwalba, kada ya narke, a rufe shi tare da na'urar cikin mazubin da iska ba ta shiga, a bar su su kwana. Ya kamata ta nuna kusan kashi 75.

Ba ta nuna alkiblar iska, ba ta kuma adana bayanai, sai mutum ya rubuta da kansa. Ga manomi mai feshi ko malamin kimiyya ta wadatar. Mai son bayanan dare da rana ba tare da ya tsaya a wurin ba, tashar da ake kafawa a kan turke ce tasa.