Jin ra'ayin jama'a kan tsarin shekara goma na ƙaramar hukuma: an saurare mu, amma ba a nuna mana farashi ba

Majalisar ƙaramar hukumar da nake zaune a ƙarƙashinta ta kammala zagayen jin ra'ayin jama'a kan daftarin tsarinta na shekara goma, wato takardar da za a riƙa dogaro da ita wajen yanke shawara kan hanyoyi, magudanun ruwa, kwashe shara, filayen wasa, ɗakunan karatu da kuma harajin da za a ɗora wa mazauna. Na bi aikin tun daga fitowar daftarin har zuwa rahoton ƙarshe, kuma ina ganin ya cancanci a auna shi kamar kowace hidima da aka yi da kuɗin jama'a, domin albashin ma'aikatan da suka shirya shi da zauren da aka zauna da shafin intanet da aka buɗe duk daga aljihunmu suka fito. Sun iya sauraro, wannan ba a ja. Inda suka gaza shi ne faɗa wa mutane nawa kowane zaɓi zai ci, da abin da za a haƙura da shi saboda shi.

Ta fuskar isar da saƙo ba ni da ƙorafi. An aika takarda gida-gida, an manna sanarwa a wuraren da jama'a ke taruwa, an sa wasu zaman da yamma wasu kuma a ƙarshen mako, sannan wanda ba ya hulɗa da intanet ya samu fom na takarda ba tare da an yi masa kallon wanda zamani ya bari a baya ba. Wa'adin ma ya wadatar. A jihar New South Wales ta Ostireliya doka ta wajabta a baje irin wannan daftari na aƙalla kwana 28, a Niyu Zilan kuma aƙalla wata guda ake bai wa masu son rubuto ra'ayi, kuma wa'adin da aka ba mu bai gaza haka ba.

Matsalar ta fara ne daga takardar tambayoyin, wadda ita ce ƙofar da akasarin mutane suka bi. Tambaya ta farko ta nemi sanin ko mutum yana goyon bayan a samu gari mai tsafta da aminci da bunƙasar arziki, aka jera amsoshi daga amincewa ƙwarai zuwa ƙin amincewa ƙwarai. Ban san wanda zai ce yana son ƙazanta da rashin tsaro ba, don haka amsar da za a samu sananniya ce tun kafin a buga tambayar. Sauran tambayoyin ma haka suka tafi: a nuna muhimmancin hanyoyi, a nuna muhimmancin filayen wasa, a nuna muhimmancin kula da tsofaffi, kowanne shi kaɗai, ta yadda mutum zai iya cewa duka suna da matuƙar muhimmanci ya wuce abinsa. Lamarin ya yi kama da a tambayi mai cefane abin da yake sha'awa ba tare da an faɗa masa abin da ke aljihunsa ba. Tsarin shekara goma kuwa asalinsa rabon abin da bai isa ba ne, kuma duk tambayar da ba ta tilasta wa mai amsa ya fifita wani abu a kan wani ba, ba ta taimaki kansilan da zai kaɗa ƙuri'a a kan kasafin kuɗi ba. Alƙaluman kuɗin suna nan, amma an tura su can ƙarshen daftarin cikin jadawalin da sai mai ilimin akanta zai warware, kuma babu inda aka haɗa su da alkawuran da ke shafukan farko.

Wannan ba tsegumin mai neman aibi ba ne, domin kotuna sun daɗe da yin magana a kansa. A shekarar 1985, a shari'ar da aka fi sani da sunan Gunning, wadda ta shafi majalisar Brent da ke Landan, an kafa sharuɗɗa huɗu na tuntuɓa ta gaskiya: a yi ta tun shawara ba ta daskare ba, a ba da isassun dalilai yadda mutum zai iya yin nazari ya mayar da martani, a ba da isasshen lokaci, sannan a duba abin da jama'a suka faɗa da zuciya ɗaya kafin a yanke hukunci. A 2014 Kotun Ƙolin Birtaniya ta jaddada waɗannan sharuɗɗa a ƙarar da aka shigar da majalisar Haringey, wadda ita ma ke Landan, inda ta ce tuntuɓar da majalisar ta yi kan rage sauƙin harajin da ake yi wa masu ƙaramin ƙarfi ta saɓa wa doka, saboda an gabatar da ragin tamkar abin da ba makawa, ba a ambaci wasu hanyoyin cike giɓin da aka duba aka ajiye ba. Idan aka ɗora tamu a kan wannan ma'auni, ta haye sharaɗi na uku ba tantama, na farko kuma da ƙyar, amma na biyu ya kayar da ita.

Kuma ba abu ne da ya gagari hukumomi ba. Dokar ƙananan hukumomi ta Niyu Zilan ta 2002 ta wajabta wa kowace majalisa tsarin aƙalla shekara goma da ake sabuntawa duk shekara uku, kuma tun gyaran da aka yi mata a 2014 dole ne a fitar da takardar tuntuɓa ta musamman da ke bayyana manyan batutuwa, da zaɓuɓɓukan da ke akwai a kan kowanne, da tasirinsu a kan haraji da bashi da ingancin hidima. Ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasa ma yana duba takardar kafin ta isa hannun jama'a. Mai karanta irin wannan takarda ya san cewa in ya ce a gina, ga abin da zai ƙaru a harajinsa.

Abin da ya ceci aikin a wurina shi ne zaman ido da ido. Bayan jawabin buɗewa, wanda ya yi tsawo fiye da kima, an raba mu tebur-tebur, kowane tebur da babbar taswira da ma'aikaci guda. A namu injiniya ne. Wata dattijuwa ta ɗora yatsa a kan layinsu ta tambayi dalilin da ya sa ruwa ke kwanciya a wurin duk lokacin da aka yi ruwan sama mai ƙarfi, alhali ana ta maganar sabon ɗakin taro. Injiniyan bai yi mata kwana-kwana ba. Ya ja layi da alƙalami ya nuna inda bututun ya tsufa, ya bayyana cewa sauya shi yana cikin jerin ayyuka amma a shekarun ƙarshe na tsarin, kuma in ana son a matso da shi gaba sai dai a jinkirta wani aikin ko a ƙara cin bashi. Nan take hirar teburin ta canza, mutanen da suka shigo da jerin buƙatu suka koma muhawara kan wanne ya kamata ya jira. Wannan ita ce tattaunawar da ya kamata takardar tambayoyin ta haifar, sai ga shi waɗanda suka samu zuwa zauren kaɗai suka same ta.

Su wa suka zo kuwa? Galibi masu gidajen kansu ne, da waɗanda suka yi ritaya, da wakilan ƙungiyoyin da dama sun saba da hanyar ofis. 'Yan haya da matasa da masu aikin dare ba su da yawa, alhali matasan ne za su fi daɗewa suna biyan bashin da za a ci. Buɗe ƙofa kawai ba ya magance wannan. Birnin Melbourne na Ostireliya ya gwada wata hanya a 2014, lokacin da ya zaɓo mazauna da 'yan kasuwa 43 ta hanyar ƙuri'ar sa'a, wato duk wanda ta faɗa a kansa, ya buɗe musu bayanan kuɗinsa, suka yi zama da dama kafin su ba da shawara kan tsarin kuɗi na shekara goma. Hanyar tana da tsada kuma tana cin lokaci, amma tana kawo muryar wanda ba zai taɓa zuwa taro don kansa ba.

Rahoton ƙarshe ya fito a kan lokaci, an ƙawata shi da zane-zane, ya faɗi yawan waɗanda suka amsa da batutuwan da suka fi fitowa. Sai dai na neme shi sama da ƙasa ban ga shafin da ya ce ga abin da aka canza a daftarin saboda maganar jama'a, ga kuma abin da aka ƙi karɓa da dalilin ƙin ba. Ƙin karɓar shawara ba laifi ba ne, tunda kansiloli aka zaɓa su yanke hukunci, amma wanda ya ba da yammacinsa yana da haƙƙin a faɗa masa inda maganarsa ta kwana.

Duk da haka ina ba mai irin wannan dama shawarar ya shiga, sai dai ya san ƙofar da zai bi. Kada ya tsaya a kan takardar tambayoyi. Ya fara karanta daftarin daga jadawalin kuɗi, ya nemo aikin da ya dame shi da shekarar da aka sa masa, ya rubuta ra'ayinsa a kan wannan aiki guda tare da faɗin abin da ya yarda a jinkirta dominsa, sannan in ana ba da damar yin magana a gaban kansiloli ya nemi a sa sunansa. Rubutaccen ra'ayi yana shiga kundin majalisa, kuma ana iya ɗauko shi a tambayi kansila a kansa ranar da aka zo amincewa da kasafin kuɗin shekara mai zuwa.