Kwana takwas a Andalus: abin da kamfanin tafiya ya yi mana da inda ya gaza

Tun ina makarantar zaure nake jin sunan Ƙurɗuba. Duk ranar da malaminmu ya buɗe Muwaɗɗa sai ya tuna mana cewa ruwayar Yahaya ɗan Yahaya Allaisi ce, mutumin Andalus da ya je Madina ya zauna gaban Imamu Malik, sannan ya koma Ƙurɗuba da ilminsa. Sama da shekara talatin sunan garin nan yana raina. Da Allah ya hore, ni da maiɗakina muka ƙudura zuwa Sifaniya a watan Oktoba. Ban taɓa neman bizar Turai ba, saboda haka na damƙa shirin a hannun wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido da ke haɗa ayari. Mu tara muka tafi, kwana ɗaya a Madrid, biyu a Ishbiliya, huɗu a Garnaɗa, ɗaya a Malaga.

Wajen takardu ba ni da abin faɗa sai godiya. Tun ranar farko matar da ta riƙe fayil ɗinmu ta ce min, "Alhaji, biza ba a hannunmu take ba. Duk wanda ya yi maka alkawarinta, kuɗinka yake so." Wannan maganar ce ta sa na amince da su. Ta bayyana mana cewa ana iya shigar da takardu tun saura wata shida a yi tafiya, kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba, kuma dole inshorar lafiya ta kai ta Yuro 30,000. Ita ce ta lura cewa a fasfo Muhammad aka rubuta min, a takardar banki kuma Mohammed, ta sa na gyara kafin ranar miƙa takardu. Da ni kaɗai ne, ba zan taɓa kula da wannan ba.

Amma babban abin da kuɗina ya saya shi ne tikitin Alhamra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi da ke Garnaɗa. Wanda bai je ba zai ɗauka zuwa ake yi a yanki tikiti a bakin ƙofa. Ba haka ba ne. Adadin masu shiga fadojin Banu Nasr, gidan sarautar Musulmi na ƙarshe a Garnaɗa, ƙayyadadde ne a kowace rana, tikitin da sunanka yake fitowa, ana duba fasfo, kuma an rubuta sa'ar da za ka shiga. Ka makara, shi ke nan. Kamfanin ya sayi namu tun wata biyu kafin mu tashi. A otal muka haɗu da wasu mata da miji da suka zo daga nesa ba su tanadi tikiti ba, suka kwana biyu a garin suna hangen ganuwar daga waje. Na tausaya musu ƙwarai.

Jagoran da aka haɗa mu da shi a can ya san aikinsa, kuma yana karanta Larabci, abin da ya bambanta shi da masu haddace jawabi. A zauren da sarki Yusuf na Ɗaya yake karɓar jakadu ya tsayar da mu, ya ce mu ɗaga kai. Rufin katako ne da aka harhaɗa daga gutsattsari sama da dubu takwas, an tsara shi hawa-hawa don ya nuna sammai bakwai, a ƙarƙashinsa kuma an sassaƙa Suratul Mulk. Maiɗakina ta fara bin ayoyin da ido tana karantawa a hankali, sai ga sauran 'yan ayarin sun yi tsit. Duk bangon da ka duba akwai taken gidan sarautar, "Wa la galiba illallah", an maimaita shi har ba ya ƙirguwa. Ka karanta wannan, sannan ka tuna cewa a ranar 2 ga Janairun 1492 sarkinsu na ƙarshe, Abu Abdullahi, ya miƙa garin ga sarakunan Kirista Fadinan da Isabela, jikinka sai ya yi sanyi. Daga nan muka wuce farfajiyar zakuna goma sha biyu ta zamanin Muhammadu na Biyar, muka ƙare a lambunan da ruwa ke gudana ta ko'ina. Awa uku da rabi muka yi, ba wanda ya ce mana mu yi sauri.

Shi ne kuma ya ambaci Abu Ishaƙ Assahili, mawaƙi ɗan Garnaɗa da ya haɗu da Mansa Musa a aikin Hajji a 1324, ya biyo shi Mali, ya rasu a Tumbutu. Da na ji haka sai na ga garin bai yi min nisa kamar da ba.

To, Ƙurɗuba. Nan ne zuciyata ta ɓaci, kuma har yau ban huce ba. Garin da na taso dominsa ba a ba shi ko kwana ɗaya ba. An sauke mu daga jirgin ƙasan Ishbiliya da hantsi, aka ce ƙarfe uku mota za ta ɗauke mu zuwa Garnaɗa. Cikin wannan ɗan lokaci za a ga masallaci, a ci abinci, a leƙa gadar Rumawa da ke kan kogin Wadil Kabir. Masallacin da Abdurrahman Addakhil ya fara ginawa wajen shekarar 785, sarakuna suka yi ta faɗaɗa shi kusan shekara ɗari biyu, mai ginshiƙai sama da 850 da bakuna ja da fari hawa biyu, shi aka ba minti saba'in. Ina tsaye gaban mihrabin Alhakam na Biyu, ban gama karanta rubutun zinariyar da ke kewaye da shi ba, aka taɓa kafaɗata wai lokaci ya yi.

Gaskiya ɗaya, jagoran ya gargaɗe mu tun a waje cewa wurin coci ne tun 1236, an gina babbar majami'a a tsakiyarsa a ƙarni na 16, kuma ba a yarda Musulmi ya yi salla a ciki ba, ma'aikata suna sa ido. Na ji daɗin da ya faɗa tun kafin mu shiga, domin akwai dattijo a cikinmu da ya zo da niyyar yin nafila.

Abin da ya fi ciwo shi ne ranar Litinin aka kai mu. Madinatuz Zahra, birnin da Abdurrahman na Uku ya fara ginawa a 936, kilomita takwas kacal daga gari, a rufe take ranar Litinin. Sunanta yana cikin takardar da aka tallata mana tafiyar da ita. Wanda sana'arsa ke nan bai kamata wannan ya shige masa duhu ba. Ga shi kuma cikin kwana huɗun Garnaɗa akwai yini guda cur da aka ware wa sayayya. Da wannan yinin aka ba Ƙurɗuba, da ba mai ƙorafi.

Ishbiliya ta yi daidai. Mun hau Hiralda, hasumiyar masallacin da sarakunan Muwahhiduna suka gama a 1198, wadda gangare ake bi a cikinta maimakon matakala, don haka ko masu ciwon gwiwa sun kai sama.

Batun abinci da salla kuwa, kamfanin ya bar mu da kanmu, alhali duk ayarin Musulmi ne. Naman alade ya cika ƙasar, cinyoyinsa a rataye a gidajen abinci, har wasu kayan fulawa da kitsensa ake yi. Ba wanda ya koya mana ko kalma biyu da za mu yi tambaya da su. Kwanakin farko kifi da ƙwai da burodi muka yi ta ci, sai a Garnaɗa muka sami lungun 'yan Maroko a gindin unguwar Albaizin, inda ake sayar da shayi da abincin halal. Lokutan salla ma sun rikita mu. A Oktoba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, azahar sai wajen biyu, mutanen gari kuma ba sa cin abincin dare sai tara ta yi. Jadawalin bai bar gurbin salla ko ɗaya ba. Mu muka nemi masallacin Garnaɗa da kanmu, wanda aka buɗe a 2003 a kan tudun da ke fuskantar Alhamra, muka yi Juma'a a can tare da Sifaniyawan da suka musulunta da 'yan Maroko da 'yan Senegal. Jakunkunanmu na cikin mota, direban Malaga yana ta kiran waya.

Zan iya tura ɗan'uwana wurinsu, amma da sharaɗi: kafin ya biya ko sisi, ya karɓi jadawalin a rubuce da sunayen ranaku, ya tabbatar akwai kwana a Ƙurɗuba kuma ba Litinin ba ce, ya ga tikitin Alhamra da sunansa da sa'arsa. Da muka dawo na rubuta musu duk wannan. Matar nan ta kira ni ta ba da haƙuri, ta ce sun mayar da ranar Ƙurɗuba Talata a ayari na gaba. Na ce mata a ƙara da kwana ɗaya, kuma a sami otal a cikin tsohon gari, inda mutum zai iya takawa zuwa masallacin da sassafe kafin motocin 'yan yawo su iso.