Shagon da ya “gyara” mini ranar Monet

Makon jiya na kai hoton wani zane shagon buga hotuna da ke bakin titinmu, ina so a fitar mini da shi a kan kanbas in rataye a falo. Zanen Claude Monet ne, wani mai zane Bafaranshe, na 1872, fitowar rana a tashar jiragen ruwa ta Le Havre a Faransa: hazo shuɗi-shuɗi, 'yan kwale-kwale, sai rana ruwan goro kamar garwashi.

Kwana biyu suka ce, kuma sun cika alkawari. Firem ya zauna daidai, tawada ba ta yi dabbare ba. Amma ina ɗaga shi na ji raina bai kwanta ba. Ranar ta tsaya cak, kamar an manna sitika.

Yaron da ke kan kwamfuta ya ce, “Malam, ai gani na yi ta dushe, shi ne na ƙara mata haske.”

Ashe nan ɓarnar take. Margaret Livingstone, masaniyar ƙwaƙwalwa a Jami'ar Harvard, ta nuna cewa ƙarfin hasken ranar Monet kusan ɗaya yake da na gajimaren da ke kewaye da ita, launi ne kawai ya raba su. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke gane inda abu yake da yadda yake motsi ba ruwansa da launi, haske da duhu kaɗai ya sani. Shi a wurinsa babu wata rana a zanen, alhali ɓangaren da ke gane launi yana cewa ga ta nan jawur. Wannan saɓanin ne ke sa ta riƙa rawa a ido. Ƙarin hasken da yaron ya yi ya sasanta su, sai rawar ta mutu.

Surutu bai gamsar da shi ba, sai na buɗe asalin hoton a wayata na mayar da shi baƙi da fari. Rana ta narke cikin hazo, da ƙyar ake ganin gurbinta. Muka yi wa nasa haka, sai ga ta fara tas kamar ƙwai. Ya riƙe baki, ya ƙwala wa abokin aikinsa kira.

Maigidan bai ja da ni ba, ya sa aka sake bugawa, kuɗin kanbas kawai muka raba. Wannan ya burge ni ƙwarai. In hoton biki ne, ku kai musu ido rufe. In zane ne, ku ja musu kunne kada a taɓa haskensa.

Na farkon dai yaron ya roƙa na bar masa, yana nan rataye a bayan kwamfutarsa.