Sos ɗin sitiroberi: a bari ya tsotse ko a sa kwanfulawa?

Ma'auni ɗaya ne: sitiroberi giram 500, sukari giram 80, ruwan lemun tsami cokali ɗaya. Wajen kauri aka rabu.

In aka bar shi ya tsotse a wuta kaɗan-kaɗan, minti 15 zuwa 20, ƙamshi da ɗanɗano suna fitowa sosai, sai dai zai ragu, launinsa ya yi duhu. Wuta na yin yawa sukari zai kama gindin tukunya, ɗaci ya shiga.

Da kwanfulawa, wato garin sitacin masara, minti 6 ya isa, jan nan yana nan. A fara dama ƙaramin cokali biyu da ruwan sanyi; busasshe gudaji yake yi. Amma in aka ajiye wannan sos ɗin a firiza, tsinkewa yake.

Nunannun sitiroberin Jos na lokacin sanyi, tsotsewar ta fi dacewa da su.